Hannun da Madam Ta Sani

Na zo Alƙahira daga Damagaram ina da ƙuruciyata, ta hanyar Libiya, da niyyar in yi 'yan watanni in tara guzuri in wuce Makka. Ban wuce ba. Wani ɗan garinmu da ke gadi a unguwar Dokki ya kai ni gidan wata mata mai neman wanda zai yi mata shara da cefane, saboda ina jin Faransanci kaɗan-kaɗan, ita kuma da shi take faɗa idan ranta ya ɓaci. Madam muke ce mata, ni da bawwab, wato mai gadin benen, da duk masu shagunan layin. 'Yar Girkawan nan ce da aka haifa a Iskandariya. Sana'arta koyar da rawar Turawa, irin wadda namiji da mace ke riƙe juna suna zagaya ɗaki.

Gidan a hawa na huɗu yake. Babban falon babu kujeru sai a jikin bango. Daɓen katako ne da nake gogewa kullum da safe, ga dogon madubi, ga sandar ƙarfe a jikinsa wadda masu koyo ke dafawa. Ni ɗakina a kan rufi yake, kusa da tankunan ruwa da akurkin tantabarun bawwab.

Mijinta ne abokin rawarta. Da ya rasu, ta rasa wanda za ta riƙa nuna taku da shi. Wata rana ina goge madubi ta ce in ajiye tsumma in tsaya a tsakiyar falo. Na tsaya. Ta ce in miƙo hannu. Na ƙi.

Na tafi wurin wani dattijon malami, Bahaushen Sudan, na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce barin abin ya fi. Ya ce idan kuma ba ni da wata hanyar abinci, to kada fata ta taɓa fata, in kuma tsare idona. Da na kawo wa Madam wannan magana ina jin kunya, sai ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta fito da farar safar hannu ta mijinta.

"Malaminka ya san rawa," in ji ta. "A zamaninmu namiji mai mutunci ba ya taɓa rigar mace sai da safa."

Haka na fara. Ban taɓa riƙe ta ba sai da safar nan, ita ko wata daga cikin ɗalibanta.

Wanda bai sani ba yana zaton rawar a ƙafa take. A hannun dama take. Namiji yana ɗora tafinsa a bayan mace, daidai ƙasan allon kafaɗarta ta hagu, da nan yake yi mata magana. Idan ya ɗan danna da gindin tafi, ta taho. Idan ya matsa da yatsu, ta juya. Idan ya sassauta, ta tsaya. Madam takan ce ba a jan mace, ba a tura ta, faɗa mata ake yi. Na yi shekaru kafin hannuna ya iya faɗa.

Bayan juyin da aka yi a ƙasar a shekarar 2011, ɗalibai suka ɗauke ƙafa. Turawa da yawa sun tafi, Misirawa kuma ba mai hankalin rawa. Falon ya zama sai ni da ita da tsoffin faya-fayai. A nan ne na fara lura. Takan kira bawwab da sunan yayanta da ya daɗe da mutuwa. Takan sa takalmi a firij. Idonta ma ya yi hazo, fuska ba ta bayyana gare ta sai an matso sosai. Wata safiya za mu je kantin magani, ta tsaya a bakin matakala, ta dube ni kamar ba ta taɓa gani na ba. Na yi magana, na yi lallashi, ba ta motsa ba. Sai na koma ciki na sako safa, na ɗora hannu a bayanta, na ɗan danna. Ta miƙe wuya, ta sauka kamar amarya.

Daga ranar safar ba ta rabuwa da aljihuna. Da ita nake kai ta coci in jira a waje, da ita muke zuwa kasuwa. Idan muka haɗu da maƙwabciya sai in sassauta, ta tsaya, ta yi murmushi, ta ce yau da zafi. In danna, mu wuce. Mutane suna cewa Madam ba ta tsufa. Ta manta suna, ta manta fuska, amma ba ta manta farin hannu a bayanta ba.

Ba ta da ɗa. Danginta da ya rage ɗiyar ƙanenta ce, wadda ta tashi a falon nan kafin ta yi aure ta koma Kanada. Duk Lahadi takan bugo waya ta ce, "Ammo, yaya Tanti?" Ammo take ce mini tun tana budurwa, wato baffa, Madam kuma Tanti, wato gwaggo. Ni kuma in ce lafiya lau, alhamdu lillahi. A garinmu ba a faɗa wa na nesa raunin babba, balle ta waya. Amma matar bawwab ba 'yar garinmu ba ce. Ita ta faɗa mata batun takalmi a firij, ta ƙara da nata.

A kakar 2013 ɗiyar ta ce tana tafe. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ta samo gurbi a wani gidan tsofaffi da sistocin coci ke kula da shi. Za ta zauna da mu ta gani da idonta. Idan Tanti na iya zama a gidanta, shi ke nan. Idan ba ta iyawa, za a kai ta can.

Madam takan samu sa'o'in da kanta ke washewa, galibi da hantsi. A irin wannan lokaci ta ji maganar. Ta kama hannun rigata.

"Ya ibni," ta ce, wato ɗana, "kada ka bari su fitar da ni. A nan na binne kowa. Daga gidan nan sai maƙabarta."

Na ce in sha Allahu. Ni ma ɗakina na kan rufi yana rataye da zamanta, ba zan ce ban yi tunaninsa ba. Amma da ta saki rigar, shatin yatsunta ya daɗe a jikin yadin, shi na fi tunawa.

Ɗiyar ta sauka, kwanakin farko suka tafi lami lafiya. Ina tsaye kusa a kowane lokaci, da safa a hannu, na ce sanyin ƙashi ke damuna. Sai ga wata Baturiya 'yar Ingila, tsohuwar ɗalibar Madam, ta zo da furanni. Ta ce kulob ɗinsu na unguwar Ma'adi ya shirya bikin kwana biyu, Juma'a da Asabar, don tuna Alƙahira ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin Ingila suka cika gari. Za a sa tufafin zamanin, a ci abincin zamanin, a yi rawar zamanin. Ta ce mutane sun gaji da zaman gida da labarin harbe-harbe. Suna son Madam ta koya musu, tunda ita ta ga zamanin da idonta. Aikin ni zan yi, Madam ta zauna kawai a gan ta.

Na buɗe baki zan ce Madam ba ta jin daɗin jikinta, sai ɗiyar ta riga ni.

"Ya yi kyau. Ina son in ga Tanti a cikin mutane."

Ta faɗa tana kallo na. Na gane idan na ƙi, na amsa tambayar da ta zo da ita ke nan. Na ce to.

A lokacin ina koyon karatun boko a Giza, a wurin wani Bakano da ya zo zurfafa ilimin fiƙihu, ya yi iyali a nan. Na kai ga haɗa baƙi da wasali. Shi Bakano, ni Badamagare, ba ma gaisawa sai da tsiya. Na ba shi labari muna shan shayi.

"Tsaya, Badamagare, in fahimta," ya ce. "Ga tankar yaƙi a bakin gada, ta gaske, da soja a kai. Su kuma za su shiga lambu su yi wasan yaƙi?"

"Na da suke tunawa, Malam."

"Na yanzu bai ishe su ba? Kai kuma kai ne sarkin makaɗa."

"Ni ba na kiɗa."

"Af, na manta, kai mai safa ne. Wallahi safar nan taka zufa kawai take tarewa, mala'iku suna gani ta cikinta."

"Kanawa da kuka iya fatawa, ku ba ni jari in bari mana."

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Da zan tafi ya rako ni bakin titi, ya daina dariya. Ya ce, "Kada ka saki tsohuwar nan ko na ƙiftawar ido. Taro ba gida ba ne."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki tasi. A hanya muka wuce shingen sojoji, buhunan yashi jere, wani yaron soja ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da muka isa kulob, ga wasu buhunan yashi a bakin ƙofa, sababbi fil, an ɗora musu tukwanen furanni. Saboda dokar hana fitar dare da rana ake bikin, amma sun liƙe tagogi da baƙar takarda, suka kunna fitilu, don ya yi kama da dare. Maza sun sa kakin soja, wasu da lambobi a ƙirji. Mata sun naɗe gashi, sun sa jan baki, wasu sun yi shigar nas. Kowa yana dariya, ana ɗaukar hoto.

A ƙauyen kakannina akwai wani tsoho da Faransa ta ɗauka zuwa wannan yaƙin. Ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa, amma idan aka yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin rumbu. Muna yara muna yi masa dariya. Shi na tuna da na ga wani mai tumbi yana gyara hular soja a madubi.

Baturiyar ta tarye mu da murna. Ta miƙo mini farar riga da jar dara, irin shigar masu raba abinci na da. Ta ce zan yi kyau a hoto. Na ce mata na gode, amma yau koyarwa na zo yi, ga kwat ɗin mijin Madam a jikina. Ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ta mayar.

Na zaunar da Madam a kujera kusa da masu kiɗa, ɗiyar a gefenta, na ba Madam sandarta ta dogarawa. Na jera mutane da'ira, maza ciki, mata waje. Na fara da wals, rawar da ake ƙirga ta uku-uku. Da kiɗa ya tashi sai na ji sandar Madam tana buga katako, daidai, ba kuskure. Wannan bai taɓa barin ta ba.

Mazan nan manyan mutane ne a ofisoshinsu, amma hannunsu kurma ne. Wani ya damƙi matarsa kamar buhun gero. Wani ya ɗora hannu a ƙugu, na ɗaga masa shi sama. Mai tumbin nan ya taka ƙafar wata har ta zage shi da Larabci, kowa ya fashe da dariya. Na bi su ɗaya-ɗaya ina nuna musu wurin, ƙasan allon kafaɗa, ina cewa a hankali, faɗa mata za ka yi. Akwai wani dogon dattijo mai furfura, da kakin hafsa, mai yawan ban haƙuri. Shi ya fi kowa saurin kamawa. Na yaba masa a gaban mutane.

Daga ƙarshe Baturiyar ta roƙi Madam ta nuna musu yadda ake yi. Na je na tsaya a gabanta, na rusuna, na miƙa hannu. Ta tashi. Na ɗora tafina a wurinsa.

Ban taɓa jin ta da sauƙi kamar ranar ba. Kafin in gama dannawa ta riga ta tafi. Muka zagaya zauren, rigarta mai ruwan toka tana share katako, kanta a ɗage, tana yi wa mutanen da ba ta gani murmushi. Da kiɗa ya tsaya aka yi ta tafi. Baturiyar ta tambayi dalilin safar, Madam ta ba ta amsar da ta ba ni shekaru da suka wuce, kalma da kalma, cewa namiji mai mutunci ba ya taɓa rigar mace sai da safa. Mata suka yi shewa, suna nuna mazajensu.

A tasi ɗiyar tana share ido. Ta ce, "Ammo, ina jin matar bawwab ta ƙara gishiri." Na ce mutane ba a rasa su da magana. Daren nan na yi barci kamar ba ni da damuwa.

Ranar Asabar da muka shiga, sai na ga kwando a bakin ƙofa cike da fararen safar hannu. Baturiyar ta aika an sayo tun da safe. Duk namijin da ya shigo sai ya ɗauki tasa. Na dubi zauren, ko'ina farin hannu. Baturiyar ta zo kusa da ni. Ta ce mini, "Ka gani? Darasin Madam ya shiga." Na ce ya shiga.

Ta ja ni gefe ta bayyana mini wasan da za a rufe biki da shi. Sun samo tsohuwar jiniya ta hannu, irin wadda ake busawa a da idan jiragen yaƙi sun taho. Ana cikin rawa za a busa ta, a kashe fitilu, kowane namiji ya saki abokiyar rawarsa ya kama wata, ya kai ta ɗakin ƙasa, wanda suka mayar maɓoya, a sha shayi da biskit a hasken kyandir.

Na san labarin jiniya. Madam ta sha ba ni shi tun kanta yana daidai. Tana yarinya a Iskandariya, idan aka busa, mahaifinta yakan ɗora hannu a bayanta ya sauko da ita matakala yana ƙirga mata wals da Faransanci, don kada ta ji tsoro. Wani dare suka fito daga maɓoya suka tarar gidan da ke kallon nasu babu shi, da ƙawarta a ciki.

Na ce wa Baturiyar don Allah kada a busa sai na fitar da Madam lambu. Ta ce tamam, wato ta yarda, za ta ɗaga mini hannu tukuna. Na yarda har zuciyarta ta faɗa. Amma jiniyar tana hannun mai tumbin nan, shi kuma tun azahar yake shan abin da yake sha.

Muka yi darasi, na ƙara musu tango kaɗan. Madam tana kujerarta tana buga sanda. Can sai ɗiyar ta taso ta tsaya a gabana tana dariya.

"Ammo, rabona da rawa a hannun wanda ya iya tun ina yarinya. Zo mana."

"Madam fa?"

"Ga ta nan zaune, lafiyarta lau. Ba kai kake faɗa mini haka duk Lahadi ba?"

Na dubi Madam, na dubi Baturiyar, ba ta ɗaga hannu ba tukuna. Na ce a raina zagaye ɗaya ne. Muka shiga.

Muna can ƙarshen zaure jiniya ta tashi. Ta fara ƙasa-ƙasa, ta hau, ta hau, har na ji ta a haƙorana. Fitilu suka mutu. Aka saki faifan ƙarar jirage da bama-bamai. Mutane suka ɗauki ihu na wasa, ana karo da juna, ana dariya. Na saki ɗiyar na nufi inda kujerar take, ina ture kafaɗu, ina taka ƙafafu. Na isa, na lalubi kujerar. Babu kowa. Sandar tana ƙasa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Dogon dattijon nan ne ya hango tsohuwa ita kaɗai a duhu, ya ga bai kamata a bar ta ba. Ya je ya rusuna, ya miƙa farin hannu, ya ɗora ɗayan a daidai wurin da na koya masa. Ta tashi ta bi shi. Har bakin matakalar ɗakin ƙasa ta bi shi. A nan mutane suka matso ta baya, shi kuma ya rikice, ya tura ta. Nan ta gane ba hannun da ta sani ba ne.

Ni dai kukan na ji. Ba muryar Madam ba ce, muryar ƙaramar yarinya ce, da Girkanci, tana kiran babanta.

Da aka kunna fitila na gan ta a kusurwa, ta durƙusa, ta rufe kai da hannu biyu. Na cire kwat na lulluɓa mata daga ƙugu zuwa ƙasa, don akwai abin da ban so mutane su gani ba. Na ce, "Madam, ni ne." Na miƙa hannu. Ta ɗago. Mazan nan duk sun kewaye ta, kowa yana son ya taimaka, kowa ya miƙo farin hannu. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi nawa. Ta doke shi da iya ƙarfinta, ta ƙara shigewa bango.

Dattijon yana tsaye yana ta ba da haƙuri, hawaye a idonsa. Ban ga laifinsa ba. Abin da na koya masa ya yi.

Ɗiyar ce ta rungume ta, da taimakon wasu mata biyu aka kai ta mota. Muka haye gada. Madam ta yi barci a kafaɗarta. Sannan ɗiyar ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Na faɗi batun matakala, da coci, da maƙwabta, da safa. Na ce a gida ba ta taɓa yin haka ba, jiniyar ce, kuma ba za a sake busa jiniya a Dokki ba. Na ce zan sauko daga rufi in riƙa kwana a bakin ƙofarta.

"Idan ka kwanta ciwo fa, Ammo? Idan aka tsare ka a shinge aka wuce da kai, kamar yadda ake yi wa baƙi yanzu? Wa ya san wurin da ake dannawa?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Muka iso layinmu, na sauka na buɗe musu ƙofa.

Bayan ranar Madam ba ta sake yarda da safa ba. Ko a aljihuna ta hango bakinta sai ta fara rawar jiki. Na wanke ta, na canza wata, na zo ta baya a hankali, duk banza. Ba ta fita, ba ta zuwa ko bakin ƙofa. Takan zauna a falo kusa da madubi, ta riƙe sandar ƙarfen nan. Na roƙi ɗiyar ta ƙara mana lokaci, ta ƙara mako guda. Babu abin da ya canza.

Ranar tafiya da hantsi motar sistoci ta zo da maza biyu ƙarfafa. Lif ɗin benen ya daɗe da lalacewa, sun zo da kujerar da za su ɗaure ta a kai su sauko da ita. Da ta ji baƙin muryoyi sai ta ƙanƙame sandar ƙarfe da hannu biyu. Ɗaya ya fara ɓamɓare yatsunta, ta soma irin kukan nan na Ma'adi. Maƙwabta suka buɗe ƙofofi. Matar bawwab ta hau har hawa na uku tana leƙe.

Ɗiyar ta juyo, fuskarta duk hawaye. "Ammo, don Allah."

Na tsaya. A wannan falon ta kama rigata ta ce kada in bari a fitar da ita. Idan na naɗe hannu, ban saɓa mata ba, amma za a sauko da ita a ɗaure tana ihu, a gaban layin da ya san ta da ɗagaggen wuya. Idan na sa hannu, ni ne na fitar da ita.

Na ce wa mazan su koma waje. Na ciro safar daga aljihu na ajiye a kan taga, inda ba za ta gani ba. Na yi bisimilla. Na zo ta hagunta, na ɗora tafina tsirara a ƙasan allon kafaɗarta.

Ban san ta rame haka ba. Safa tana ɓoye abu da yawa. Na ji ƙashi, na ji zuciyarta tana bugawa ta baya kamar ta tsuntsu. Ban danna ba, na bar hannun kawai. A hankali kukan ya tsaya. Yatsunta suka saki ƙarfen ɗaya bayan ɗaya.

"Ka daɗe," ta ce da Faransanci. Ban san da wa take ba.

Na fara ƙirga mata wals ƙasa-ƙasa, na ɗan danna. Ta miƙe wuya. Muka ratsa falon, muka wuce madubi, muka fita. A kan matakala ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da muka zo kusa da matar bawwab hannuna ya sassauta da kansa, saboda sabo. Madam ta tsaya, ta yi mata murmushi, ta ce yau da zafi. Matar ta rufe baki da mayafi. Na danna, muka wuce.

A bakin mota na juya ta da yatsu, ta zauna, ta gyara rigarta. Da na zare hannuna ta ce, "Hannunka da ɗumi, ya ibni. Ina za mu?"

Ɗiyar ta shiga ta rufe ƙofa kafin in ce wani abu.

Da la'asar na shiga mota zuwa Giza ba tare da littafina ba. Malam ya buɗe ƙofa zai fara tsiyarsa, ya dubi fuskata, ya fasa. Na ba shi labari a tsaye. Na ce, "Malam, ina da laifi?"

"Wanne kake tambaya? Taɓawar?"

"A'a. Fitarwar."

Mutumin da ke da amsar kowace mas'ala, har da wadda ba a tambaye shi ba, sai ya juya. Ya shiga ciki ya fito da buta, ya miƙo mini.

"Lokaci ya yi," ya ce. "Zo mu yi salla."